Yarona ba ya tsayawa ya goge baki, ga turminsa ya yi rami

Assalamu alaikum Anti. Ina da yaro ɗan shekara 8, ɗan fari ne, don haka a yi mini uzuri ba zan kama suna ba. Tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya. Bara malamarsu ta ba mu shawara muka kai shi asibiti, likitan ƙwaƙwalwar yara ya ce yana da lalurar nan ta rashin natsuwa da yawan ƙiriniya da suke kira ADHD, aka ɗora shi kan Ritalin, yana sha da safe. Alhamdulillahi karatu ya ɗan gyaru. Damuwata yanzu haƙoransa. In na ce je ka goge baki, sai in tarar yana wasa da ruwan buta, burushin yana ƙasa, ko ya taune shi ya baje. Turminsa na ƙasa na can ƙurya ya yi baƙin rami, sati biyu ke nan yana tashinmu cikin dare da kuka. In yana barci kuma yana cizon haƙora ƙas-ƙas. Mun taɓa kai shi wani asibitin haƙori, muka yi awa uku a layi, da aka zo kansa ya ƙi buɗe baki, aka danne shi, ya ciji hannun ma'aikaciya, muka taho ba a yi komai ba. Babansa ya ce taurin kai ne, bulala ce maganinsa. Hajiya surukata ta ce tsutsa ce, akwai mai fitar da ita a kasuwa, kuma ai haƙorin yarinta ne, zai faɗi da kansa. Ita ce kuma kullum take ba shi alawa. Na rasa ta inda zan kama.

Daga wata uwa a Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya raya miki shi da ƙannensa.

Kafin mu je ga maganar burushi da ta Hajiya, ki ɗauki fitilar wayarki yau ɗin nan, ki sa shi ya kwanta ya ɗora kansa a cinyarki, ki ce kina so ki ƙirga masa haƙora. Ki fara daga tsakiya, daga haƙoran gaba guda biyun nan na ƙasa, ki nufi ɓangaren da ke ciwo. Na ɗaya da na biyu na gaba ne, na uku fiƙa, na huɗu da na biyar turamen yarinta ne da za su faɗi nan da wasu shekaru. Idan mai ramin shi ne na shida, to wannan ba ya cikin waɗanda ake famfararsu. Turmin girma ne, wanda yake fitowa wajen shekara 6, a bayan duk sauran, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa yake yaudarar iyaye: ba a ga giɓi ba, ba a ga jini ba, sai a ɗauka yana cikin guda 20 ɗin nan na yarinta. Tunda kin ce na can ƙurya ne, kuma yaron yana da shekara 8, zuciyata ta fi karkata ga cewa shi ne. Da shi ya kamata ya ci tuwo har tsufa.

Ko da ma ƙirgar ta nuna na biyar ne, maganar a bar shi ya faɗi ba ta taso ba. Turmin yarinta na ƙarshe yakan kai shekara 10 zuwa 12 kafin ya fita, kuma babu yaron da zai yi shekara uku yana kwana da kuka ana jiran famfara. Ciwon da yake tashin yaro daga barci, ba tare da ya ci komai ko ya sha ruwan sanyi ba, yawanci alama ce ta cewa ruɓar ta kusa jijiyar haƙorin ko ta riga ta isa. Abin da nake jin tsoro a nan shi ne ranar da ciwon zai ɗauke ɗif, gida ya ce alhamdulillahi ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma ta gangara tushe tana tara mugunya. Don haka cikin satin nan ake ganin likitan haƙori. Idan kuwa kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya nufi ido ko ƙasan haɓa, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiyar yawu, ba a jiran gari ya waye, sashen gaggawa ake nufa.

Kafin ku samu ganin likita, farasitamol daidai nauyinsa zai rage masa zafi, a bi adadin da aka rubuta a jikin kwalbar. Kada a ba shi asfirin, kada kuma a danna ƙwayar a jikin dasashi kamar yadda wasu suke yi, ƙona naman take yi. Haka man kanumfari da ruwan nan masu zafi da ake ɗigawa a rami. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake karɓowa a kemis yana iya kwantar da kumburi na ɗan lokaci, amma ba ya cike rami.

Tsutsa kuwa, babu ita. Na san wannan magana ta girme mu duka, kuma ba Hausawa kaɗai suka yi imani da ita ba, amma duk wanda ya leƙa ramin haƙori da madubin likita bai taɓa ganin tsutsa ba. Abin da mai magani yake nunawa a cikin kwano bayan ya yi turare, daga wurinsa ya fito. Abin da yake cin haƙori ya fi tsutsa ƙanƙanta, kuma ina so ki fahimci yadda yake aiki, don a kansa duk sauran shawarata ta ginu. Akwai farar dauɗar nan mai yauƙi da take manne wa haƙori, wadda in kin kankara da farce za ki gani. Ƙwayoyin cuta ne cunkushe a ciki. Duk sanda sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintoci suke mayar da shi tsami, tsamin ya fara narkar da ɓawon haƙori. Yawu ne yake zuwa ya wanke tsamin ya mayar wa haƙorin abin da ya rasa, amma aikin yakan ɗauke shi rabin awa zuwa awa guda. Yaron da ya zauna ya cinye alawa biyar bayan abincin rana, farmaki ɗaya aka kai wa haƙoransa. Wanda ya tsotsi ɗaya da hantsi, ɗaya a hanyar Islamiyya, ya kurɓi zoɓo da la'asar, ya ci biskit da magariba, ya kwanta da shayi a baki, nasa haƙoran ba su huta ba tun safe.

Yanzu ki ɗora lalurar yaronki a kan wannan. Yaro mai ADHD in ya ga abu yana so, hannunsa yakan riga tunaninsa isa. Kuɗin tara in sun shiga aljihunsa, a gaban mai tebur na farko za su ƙare. Sannan ga maganin. Ritalin yana taimakon yara da yawa, kin ma ga alama a karatunsa, amma an san shi da abu biyu da suka shafi baki: yana rage cin abinci, yana kuma busar da yawu. Sai yaro ya ture abincin rana, da yamma ƙarfin maganin ya sauka, yunwa ta taso masa gaba ɗaya, ya bi duk abin da ke kusa, wanda galibi mai zaƙi ne. Ga kuma bakin a bushe, mai wanke tsamin ya yi ƙaranci, balle lokacin hunturu da leɓe ma yake tsagewa. Ba cewa nake a daina maganin ba, kada ki taɓa shi da kanki. Amma ranar da za ku koma wurin likitan da ya rubuta, ki gaya masa abu uku, in kin lura da su: ba ya cin abincin rana, bakinsa yana bushewa, yana cizon haƙora cikin barci. Shi ya san ko zai gyara adadin ko lokacin sha. Cizon haƙoran nan yara da yawa suna yi, da masu lalurar da marasa ita, wasu kuma sukan daina da girma. Likitan haƙori zai duba ko ya fara cinye saman haƙoran.

Sai mu zo kan abin da na fi so ki riƙe. Kin ce kina cewa "je ka goge baki". A wurinki magana ɗaya ce. A wurinsa aiki ne mai gaɓa wajen takwas: ya bar abin da yake yi, ya nemo burushi, ya nemo makilin, ya buɗe, ya matsa, ya ɗebo ruwa, ya tsaya minti biyu yana maimaita abu ɗaya marar daɗi, ya wanke ya mayar. A kowace gaɓa akwai abin da zai ɗauke masa hankali, kuma butar nan da ruwa ke tsiyaya daga bakinta ta fi burushi ban sha'awa nesa ba kusa ba. Ya ji ki sarai, ya kuma tashi da niyyar yi. A hanya abin ya zube. Wannan ita ce lalurar kanta, ba wani hali ne daban da ya ɗora a kanta ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, wato a ajin mutum 60 ba za a rasa biyu ko uku ba. Mafi yawansu dai ba a kai su asibiti ba, ana kiransu marasa ji ne kawai.

Saboda haka ki daina aikensa. Burushin dare ya dawo hannunki. Ko yaran da ba su da wata lalura, likitocin haƙori suna cewa babba ya riƙa taya su har wajen shekara 7, don hannunsu bai ƙware ba. Naki zai buƙaci fiye da haka, wataƙila har 10 ko 11, kuma babu abin kunya a ciki. Na san ɗan fari ne, na san akwai idon dangin miji da za su ce kin rasa ta ido, kina shagwaɓa ƙato. A yi a ɗaki, a sakaya labule.

Ga yadda nake so abin ya kasance. Bayan sallar isha'i, an gama cin duk abin da za a ci, ki zauna a kan tabarma ki miƙe ƙafa, ya kwanta rigingine kansa a cinyarki, kamar za ki yi wa yarinya kitso. A haka kina ganin cikin bakin har ƙurya, kansa kuma ba ya yawo. Burushi ƙarami mai laushi, makilin kamar ƙwayar wake. Ki sa ɗan yatsa ki ɗage leɓe, ki fara da turamen ƙurya tun yana da sauran haƙuri, don su ne masu ramuka a sama inda abinci yake maƙalewa. Na gaba su zo ƙarshe. Ki bi inda haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, ba dirza irin ta wankin tukunya ba. Minti biyu a wurinsa shekara ce, don haka ki raba bakin gida huɗu, kowane gida ku ƙirga zuwa talatin, shi yake ƙirgawa da yatsu ko yana buga ƙafa. A ƙarshen kowane gida ya tashi ya tofar, ya yi tsalle biyu in yana so, ya dawo. Ki ba shi wani abu ya riƙe a hannu, ko da tsohon burushin da ya taune ne. Kada ki ce ya natsu. Ƙafafunsa su yi ta rawa, bakin kawai kike buƙata. Umarni kuma ɗaya-ɗaya: "buɗe", "haɗa haƙora", "tofar". In kika jero uku, na farkon kaɗai zai kama.

In an gama ya tofar da kumfar, amma kada ya kurkure da ruwa. Wannan yakan ba mutane mamaki, don mun saba kurkurewa har sau uku. Amfanin makilin yana cikin sinadarin fuloraid, wanda yake ƙarfafa ɓawon haƙori ya kuma taimaka wa yawu wajen gyaran inda tsami ya fara ci. In aka bi shi da ruwa an wanke shi. Ki juya kwalin ki duba: za ki ga lamba da haruffan ppm a gabanta, ita ce take nuna yawan fuloraid ɗin da ke ciki. Ga ɗan shekara 8 ki nemi mai 1450 ko kusa da haka, kada dai ya gaza 1000. Wasu na yara masu hoton 'yar tsana da ƙamshin lemo ba su kai ba, wasu na ganye ma babu shi sam. Idan yajin na manya ne yake sa shi gudu, ki canza iri har ki dace da wanda bakinsa ya karɓa, yaran nan da yawa ɗanɗano da ƙamshi suna damunsu fiye da yadda muke zato. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, ki ɗauke shi a matsayin magani. Masu karatu da ke wuraren da ruwan rijiya ko na burtsatse yake da fuloraid da yawa har haƙoran yara suna yin ja-ja, irin Langtang da Kaltungo ko Tibiri ta Maraɗi, su kula sosai ƙanana kada su haɗiye, su kuma tambayi likitan yankinsu. Gawayi da gishiri da toka kuwa a bar su, kankare haƙori suke yi.

Na safe ki bar masa ya yi da kansa, kina tsaye, don hannunsa ya koya. Ki liƙa shi da abin da ba ya tashi, misali da zarar ya ajiye kofin koko kafin ya sa rigar makaranta, a wuri ɗaya, kayan a cikin kofi ɗaya da ba ya canza mazauni. In wata rana safiya ta rikice aka makara, na safen ya wuce, kada ki tayar da hankalinki. Na dare ne ba a yafewa, don cikin barci yawu yake raguwa, abin da ya kwana a haƙori ya samu awa takwas yana aiki babu mai hana shi. Bayan burushin dare, ruwa kaɗai. Tunda kin san yunwarsa ta dare ce, ki tanadi abin da zai ƙara kafin burushin, dafaffen ƙwai ko awara ko gyaɗa ko sauran tuwo, don kada ƙarfe goma ya ce yunwa ki rasa yadda za ki yi. Da safe kuma ya karya da abu mai riƙe ciki kafin maganin ya kama shi, ya tafi makaranta da gorar ruwa.

Game da lada: alkawarin keke in ya yi wata guda yana goge baki ba zai yi aiki ba. Abin da yake nesa ba ya jan yaro mai wannan lalura. Ki manna takarda a bango, duk daren da aka gama shi da kansa ya ja layi, in layi ya kai uku ya samu wani abu ƙarami a daren ko washegari, tatsuniya ɗaya ƙari, ko minti goma na wasa da wayarki gobe, ko shi zai raka Babansa kasuwa. Ban da alawa, don Allah. Kuma in ya gaji da tsarin bayan sati biyu, zai kuwa gaji, ki canza ladan, kada ki ce abin ya ƙi.

Maigidanki ba mugunta yake nufi ba. Da karin maganar icce tun yana ɗanye aka tashe shi, kuma yana tsoron kada ɗansa ya lalace. Amma ki tambaye shi cikin ladabi, a lokacin da ransa yake sanyi: shekara nawa ana dukan nan, ya sa yaron ya tuna da burushi ko sau ɗaya? Bulala tana iya tanƙwara mai gangan. Wanda abu yake zube masa a hanya, abin da take koya masa shi ne ya tsani lokacin goge baki, ya kuma iya ƙarya, ya jiƙa burushi ya ce ya yi. In zai yiwu ku je ganin likitan ƙwaƙwalwar tare, ya ji daga bakin likita. Maza da yawa abin da suka ƙi ji daga matansu sukan karɓa a ofis. Sannan ki ba shi nasa aikin. Ya saya wa yaron aswaki, su riƙa yi tare a hanyar masallaci. Sunna ce mai ƙarfi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa ba don gudun matsa wa al'umma ba da ya umarce su da yin aswaki a kowace salla. Yaron da yake taune burushi da murfin biro da wuyan riga, ka ba shi abin da aka yi don a tauna, ai ka huta. Aswakin rana ƙari ne, bai ɗauke makilin ɗin dare ba.

Hajiya kuma kada ki ce mata ta daina ba jikanta alawa, ba za ta daina ba, sai dai ta koma ba shi a ɓoye, ku kuma ɓata. Lokaci za ki roƙa. Ɗanta ya gaya mata likita ya ce duk wani zaƙi a ba shi bayan ya ci abinci, ya cinye a zama ɗaya, ya bi da ruwa. Kin ma samu abin jan hankalinsa ya ci abincin ranar. In za ta zaɓa, masu danƙo da masu daɗewa a baki sun fi ɓarna, irin su iloka da hanjin ligidi da alawar tsinke da mazarƙwaila. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari da ake kurɓa a hankali tsawon yini su ma haka. Wata ƙila wani ya ce miki sukarin ne ma ya jawo masa ƙiriniyar. An tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan a Amurka a 1995, ba a ga sukari yana canza halin yara ba. Don haƙori muke rage shi, kada a ɗora wa Hajiya laifin da ba nata ba.

Sai komawa asibiti, wanda na san shi ne yake miki nauyi. Abin da ya faru wancan karon bai ba ni mamaki ba. Yaron da zaman minti goma yake gagararsa, aka sa shi awa uku a benci yana jin ƙarar inji da kukan wasu yaran, haƙurinsa ya ƙare tun kafin a kira sunansa. Wannan karon ki fara zuwa ke kaɗai, ko ki aika Babansa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen haƙori. Ki tambayi wanda yake ganin yara. Ki faɗi komai ba ɓoye-ɓoye: yana da ADHD, yana shan Ritalin kaza da ƙarfe kaza, an taɓa danne shi ya tsorata. Sunan maganin dole ne su sani kafin su yi allurar kashe zafi ko su ba da wani abin sa barci. Ki roƙi a sa ku farkon layi da safe, lokacin da maganinsa yake aiki, kuma ya sha shi ranar kamar kullum sai in likita ya ce akasin haka. In layi ba makawa, wani ya zauna ya riƙe muku, ku kuna waje yana zagayawa, a kira ku a waya in an kusa.

A gida ku yi wasan likita kwana biyu kafin ranar, da cokali da fitila, ke ki duba nasa, shi ya duba naki. Kada ki ce masa ba za a yi komai ba, kada kuma ki ce babu zafi. In ya kama ki da ƙarya sau ɗaya, shi ke nan. Ki ce za a ƙirga haƙora, za a ɗauki hoto, za a sa wa mai ciwon magani ya yi barci. Duk wanda ya saba yi masa barazana da allura in ya yi laifi, ya bari daga yau. Likitocin yara suna da hanyarsu: su faɗa wa yaro abin da za su yi, su nuna masa a kan farcensa ko yatsansa, sannan su yi a baki. Ki nemi a yi yarjejeniya da shi cewa in ya ɗaga hannu za a tsaya, kuma a tsaya ɗin da gaske. Zuwa uku gajeru sun fi masa zama ɗaya dogo.

Abin da za a yi wa turmin, hoto ne zai nuna. In jijiya tana da rai, ciko. In ta taɓu, ko a yi aikin jijiya ko a cire. Kuma a shekarunsa, in turmin na shida ya lalace ƙwarai, wani lokaci likita yakan zaɓi lokacin cirewa don na bakwai da zai fito wajen shekara 12 ya matso ya rage giɓin. Ki bar masa wannan hukuncin. Amma ki tambaya game da sauran ukun, don turamen nan huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa: akwai abin da ake shafawa ya toshe ramukan samansu tun ba su ruɓe ba, babu allura babu inji, akwai kuma fuloraid mai kauri da ake shafa wa haƙora wajen sau biyu a shekara. In an sami ƙananan ramuka a wasu haƙoran, akwai hanyar ciko da kayan hannu kawai, ba tare da injin nan mai ƙara ba, wadda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980 saboda wuraren da babu lantarki. Tana yi wa yara masu tsoro daɗi. In duk an gwada abin ya faskara, ana iya yin aikin da iskar shaƙa mai kwantar da hankali inda akwai ta, ko a sa shi barci gaba ɗaya a gyara komai a zama ɗaya, amma wannan sai a babban asibiti mai likitan sa barci. Ke dai kada ki ba shi wani maganin mura ko na barci daga gida wai don ya yi laushi.

Abu ɗaya da ake mantawa: bayan allurar kashe zafi leɓe da kumatu sukan yi awa biyu ko uku a mace. Yaro irin naki zai ji abin baƙo, ya yi ta tauna yana ja, washegari ki ga leɓe ya kumbura ya yi fari kamar an ƙona. Ki zauna kusa da shi har jin ya dawo, ki ba hannunsa da idonsa aiki, abinci kuma sai bayan nan.

In mai hawa katanga ne da tsalle daga kan buhu, ki san wannan ma, don yara masu wannan lalura sun fi samun karayar haƙoran gaba. In haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. In ƙasa ta ɓata shi a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi gurbinsa, yaron ya ciji tsumma mai tsabta. In ba za a iya ba, a tsoma shi a madara, ba a ruwa ba, ba a takarda ba, a kai wa likita cikin awa guda. Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi, don kada a ji wa na ƙarƙashinsa.

Ki rubuto mini bayan kun dawo, ki gaya mini na nawa ne a ƙirga, da abin da hoton ya nuna. Ki gaishe da Hajiya.